Ɗalibin da ke ci da baki, ya faɗi da biro: yadda ake tantance matsalar koyo a jami'a

Duk malamin da aka taɓa ɗora wa kula da 'yan aji ɗaya ko aji biyu a jami'a ya san irin wannan ɗalibi. Ba ya fashin lacca. In ka jefa tambaya yana cikin masu ɗaga hannu, amsarsa kuma da ma'ana. Sai sakamakon zango ya fito ka tarar ya faɗi kwas uku. Ka ɗauko takardar jarrabawarsa, tambaya biyu ya gama cikin huɗu, rubutun kuma sai ka rantse ba na yaron da ka sani ba ne. A ɗakin malamai ba a daɗewa ake yanke masa hukunci. Wannan ya ce lalaci ne, wancan ya ce satar amsa ce ta kawo shi nan, wani ya ce ai da ma boko ba na kowa ba ne. Wani lokacin sun yi gaskiya. Amma cikin irin waɗannan ɗalibai akwai waɗanda matsalar koyo ce da su tun yarinta, ba wanda ya taɓa dubawa, kuma in ba a duba yanzu ba takardar kora ce za ta biyo baya.

Abin da zan zayyana shi ne abin da malami ko jami'in ba ɗalibai shawara zai iya yi da biro da takarda da agogon waya, da kuma inda ya kamata ya dakata ya miƙa wa ƙwararre. Aiki biyu ne, kada a cakuɗa su. Na farko tantancewa: ka rairaye ka ga wa ya kamata a duba da kyau. Na biyu cikakken awo, kuma shi kaɗai ke iya cewa wane yana da kaza. Malami yana yin na farko. Ba ya yin na biyu, ko da littafi goma ya karanta a kai.

Me ake nema

Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi, DSM-5, wanda ya fito a 2013, ya tattara matsalar a fanni uku: karatu, rubutu, lissafi. Ta karatu ita ce disleksiya, ita ce kuma aka fi cin karo da ita. Sharuɗɗan da ya gindaya su ne za su zame maka jagora. Matsalar ta kai aƙalla wata 6 duk da an taimaka wa mutum. Ƙwarewarsa a wannan fanni ta yi ƙasa sosai da ta tsararsa. Ta faro tun shekarun makaranta. Sannan ba wani abu ne daban ya haddasa ta ba, kamar ƙarancin basira gaba ɗaya, ciwon ido ko kunne, wata cuta ta ƙwaƙwalwa, rashin iya harshen da ake koyarwa da shi, ko rashin samun koyarwa mai kyau. Littafin ya ƙiyasta kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na yara 'yan makaranta, da kusan kashi 4 cikin 100 na manya.

Ba daƙiƙanci ba ne, kuma an daɗe da sanin haka. Tun a 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14 da ya kasa koyon karatu, alhali malaminsa na cewa da a ce da baki kawai ake koyarwa, da babu wanda zai kamo shi a makarantar.

Za ka ce, to ta yaya mai irin wannan matsala ya iso jami'a? Cikin sauƙi. Jarrabawar JAMB tambaya 180 ce ta canki-canka a kwamfuta, ba a rubuta jimla ko ɗaya. WAEC da NECO akwai rubutu, amma akwai canki-canka da yawa, kuma kwasa-kwasai da dama suna karɓar sakamakon zama biyu. Yaro mai kaifin kunne da ƙarfin hadda, wanda yake da abokin da ke karanta masa, zai ratsa sakandare lafiya. Sai ya zo inda za a miƙa masa takardun lacca masu kauri a ce ya karanta shi kaɗai, a zaunar da shi awa biyu ko uku yana zuba bayani a rubuce, nan ne asiri ke tonuwa.

Sharuɗɗan nan biyu na ƙarshe, harshe da koyarwa, su ne ƙashin bayan aikin a wajenmu. A Ingila idan ɗan jami'a ya kasa karatu da sauri, ana iya ɗauka cewa an koyar da shi kuma Turanci harshen gidansu ne. Mu a Arewa ba mu da wannan gatan. Tambayar da za ka riƙe daga farko har ƙarshe ita ce: ba a koya masa ba ne, ko an koya masa bai kama ba?

Fara da takardunsa kafin ka kira shi

Kada ka jira sai CGPA ɗinsa, wato matsakaicin makinsa na duk kwasa-kwasai, ya faɗi an sa shi a jerin waɗanda aka yi wa gargaɗi. Da zarar sakamakon zangon farko ya fito, ka zauna ka duba sakamakon. Ba yawan faɗuwa kake dubawa ba, fasalinta kake dubawa. Ɗalibin da ya faɗi komai daidai wa daida labarinsa daban. Wanda kake nema shi ne mai giɓi: ya ci aikin ɗakin gwaje-gwaje ya faɗi na rubutu, ya ci lissafi ya faɗi duk kwas ɗin da ke buƙatar dogon karatu, ko akasin haka.

Sai ka nemi jami'in jarrabawa ya ba ka takardunsa biyu ko uku. Ka duba ko ya rubuta kalma ɗaya ta hanya uku a shafi guda. Ka duba ko yana tsallake ƙananan kalmomi, ko yana yanke ƙarshen kalma, ko yana kauce wa doguwar kalmar da ka san ya santa ya ɗauki gajera. Ka duba ko kullum lokaci ne ke ƙare masa. Ka duba ko ma'anar tana nan, amma a warwatse.

A nan sai an yi hattara. Bahaushen da ya musanya p da f a rubutun Turanci ba disleksiya ke damunsa ba, harshen uwa ne ya biyo shi, kuma rabin ajin haka suke. Kuskuren mai raunin Turanci yana da tsari, yau da gobe iri ɗaya ne, za ka iya cewa ga inda ya samo shi. Na mai disleksiya ba ya tsayawa wuri ɗaya. Batun juya b ta koma d kuma, wanda kowa ya fi sani, kada ka dogara da shi. Ƙananan yara da yawa suna yi su daina, manya masu matsalar kuma da yawa ba sa yi. Abin da ya fi bin babba shi ne jinkirin karatu da kuskuren jera haruffa.

Wasu na ganin a raba wa duk sababbin ɗalibai takardar tambayoyi lokacin rajista. Ra'ayina, kada a fara sai an tanadi wanda zai karɓi waɗanda takardar ta nuna. In ka gaya wa ɗalibi ɗari cewa wataƙila suna da matsala sannan ka watse ka bar su, ka ƙara musu damuwa ne kawai. Gara a sanar a taron maraba da sababbin ɗalibai cewa ga ofishin da za a je, a kuma buɗe wa malamai hanyar turo wanda suka lura da shi.

Zaman hira

Wannan zama ya fi kowane gwaji da za ka yi daraja, don haka ka ba shi lokaci. Kada ka aika wakilin aji ya yi shela, kada ka liƙa suna a allon sanarwa. Ka kira shi a keɓe. In ɗaliba ce, ka bar ƙofa a buɗe ko ka gayyato malama ta zauna. Ni abin da nakan fara da shi shi ne: "Abin da nake ji daga bakinka a aji da abin da nake gani a takardarka ba su yi daidai ba. Ina so mu gano dalili, in ka yarda." In bai yarda ba, ka ƙyale shi, ka gaya masa ƙofa a buɗe take. Da yawa sukan dawo bayan jarrabawa ta gaba.

Ka bi tarihinsa daga tushe. A aji nawa ya fara karanta jimla shi kaɗai? Ya taɓa maimaita aji? Firamare nawa ya yi, kuma akwai malami a ajin kullum? Da wane harshe ake yin darasi, ba wanda aka rubuta a manhaja ba, wanda malam ke magana da shi? An taɓa rufe makarantarsu na tsawon lokaci? Yaron da ya tashi a Borno ko Yobe a shekarun rikicin Boko Haram, ko a ƙauyukan Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka addaba, yana iya rasa shekara biyu na karatu ba wanda ya rubuta a ko'ina. 'Yan ajinsu na firamare, su sun iya karatu shi ne aka bari a baya, ko duk ajin haka aka fita? Wannan tambaya ita kaɗai takan raba gardama.

Sai ka tambaye shi makarantar allo da Islamiyya. Takardun tambayoyin da aka shirya a Turai ba su san da wannan ba, mu kuwa taska ce a hannunmu, domin yawancin ɗalibanmu sun koyi karatu sau biyu, da haruffa iri biyu, a hannun malamai daban. Yaya ya ƙare da babbaƙu da farfaru? Ya daɗe a kansu har ƙannensa suka wuce shi? Akwai yaron da ke riga kowa haddace abin da malam ya biya masa, amma in aka nuna masa tsakiyar allon aka ce karanta daga nan, sai ya tsaya cik, sai ya koma farko ya taho da ka. Akwai wanda ya yi sauka amma har yau in ya buɗe shafin da bai haddace ba yana tafiya da ƙyar. In ɗalibi ya ce maka ya sha wuya a boko kuma ya sha irinta a allo, alhali sa'o'insa sun wuce a duka biyun, to alama ce mai ƙarfi cewa ba laifin makaranta ba ne. In kuwa yana karanta Alƙur'ani da littattafan Larabci tiryan-tiryan ko da bai taɓa ganin shafin ba, Turanci ne kawai ke ba shi wuya, to ka fi karkata ga harshe da koyarwa. Ga ɗalibin da bai yi allo ba, ka tambaye shi yadda yake karanta Littafi Mai Tsarki ko littafin waƙoƙin coci a harshensu.

Ka tambayi gida. Matsalar tana bin jini, don haka a kan samu uba ko kawu ko wa da ya bar makaranta da wuri alhali kowa ya san shi da kaifin kai a kasuwa ko a sana'a.

Kawar da sauran dalilai

Kafin ka ambaci sunan wata matsala, ka tura shi asibitin makaranta a duba ido da kunne. Abin kamar wasa, amma ɗalibin da ke zama a bayan ɗakin lacca mai cin mutum ɗari biyar, ba ya ganin allo ko kunne ɗaya ba ya ji, zai yi kama da mai matsalar koyo sak. Muna cikin yankin sanƙarau, kuma sanƙarau yakan bar kurumta. In abin ya fi ƙarfin asibitin makaranta, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, duka a Kaduna, ga kuma asibitocin koyarwa.

Ka tambayi ciwon yarinta: zazzaɓin cizon sauro da ya kai ga suma ko jijjiga, farfaɗiya, buguwa a ka. Mai sikila yana iya samun toshewar ƙananan hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa ba tare da wata alama a fili ba, abin ya taɓa saurin tunaninsa. Akwai kuma abin da nake ganin jami'o'in Arewa maso Yamma ya kamata su sa a rai. A 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, dubbai suka rayu da ita a jini. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Waɗanda suke ƙanana a lokacin su ne yanzu suka kai shekarun shiga jami'a. In ɗalibi daga can ya fito, ka tambaya.

Sai halin da yake ciki yanzu. Sau nawa yake cin abinci a rana? Awa nawa yake barci? Yana tuƙa Keke ko tsaron shago da dare? Ɗalibar tana da goyo? Akwai shaye-shaye, kodin ko tiramadol? Ciwon damuwa da fargaba suna cinye hankali da hadda. Alamar da ke raba su da matsalar koyo ita ce lokaci: wanda karatunsa ke tafiya lafiya har bara sannan ya rushe, ba disleksiya ba ce, wani abu ne ya faru bara.

Ƙananan gwaje-gwajen da za ka iya yi a ofis

Ka ɗauko shafi daga littafin kwas ɗinsa wanda bai taɓa gani ba, ka ce ya karanta a bayyane minti ɗaya. Ka ƙirga kalmomin da ya karanta da kurakuransa. Lambar ita kaɗai ba ta da amfani sai ka san abin da tsaka-tsakin 'yan ajinsu ke yi, don haka tun kafin nan ka roƙi ɗalibai kamar talatin, ba zaƙaƙurai kaɗai ba, su karanta maka shafin. Ka ajiye sakamakon a aljihun tebur, shi ne ma'auninka na gida.

Sai ka maimaita da Hausa, ko harshen da ya fi iyawa in ya taɓa koyon karanta shi. Shafin Aminiya ya wadatar. Rubutun Hausa yana bin lafazi fiye da na Turanci nesa ba kusa ba, duk da ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. Binciken da aka yi a harsuna masu irin wannan rubutu, kamar Jamusanci da Italiyanci, ya nuna mai disleksiya a cikinsu bai cika yin kuskure da yawa ba, jinkiri ne ke tona shi. Saboda haka a Hausa agogo za ka sa wa ido. Ka tuna kuma da yawan 'ya'yan Hausawa da suka yi makarantun kuɗi ba a taɓa koya musu karatun Hausa ba, kada ka ɗora musu laifin abin da ba su koya ba.

Ka rubuta kalmomin ƙarya guda goma masu siffar Hausa, irin su tsalɓeki, ɗuragima, kwazumfe, ka ce ya karanta. Hadda ba ta aiki a nan, dole ya haɗa baƙi da wasali da kansa, kuma nan ne ainihin raunin disleksiya yake. Ka gwada shi da wasan sauti da baki: ya faɗi "tabarma" ba tare da "bar" ba, ya faɗi gaɓoɓin "makaranta" daga ƙarshe zuwa farko. Ka faɗi lambobi biyar ya maimaita su a juye. Nakan kuma tambaya ko ya iya zaurance yana yaro. Ba gwajin kimiyya ba ne, amma dariyar da yake jawowa takan saki jikin ɗalibi, amsar kuma wani lokaci takan ba da haske.

Gwajin da na fi so shi ne wannan. Ka zaɓi sakin layi biyu masu nauyi ɗaya. Na farko ya karanta da kansa ka yi masa tambayoyi. Na biyu kai ka karanta masa ka yi masa tambayoyi. In ya amsa wanda ya ji da kunne da kyau ya kasa wanda ya karanta, to Turancin yana nan, basirar tana nan, hanyar shiga ta ido ce ta toshe. In ya kasa duka biyun amma da ka fassara masa da Hausa ya amsa, Turanci yake buƙata. In ya kasa ko da Hausa, maganar ta fi faɗin karatu, sai ƙwararre.

A ɓangaren rubutu, ka ba shi minti 10 ya rubuta abin da ya sani sarai, misali yadda ake zuwa garinsu daga tasha. Sannan ya faɗa maka da baki. Ka gwama. Ka ba shi minti 3 ya kwafi rubutu, don ka ga ko hannun ne ke da nauyi.

Lissafi ba zan daɗe a kansa ba, domin mafi yawan masu faɗuwa lissafi tsoro ne da mugun tushe. Mai ainihin matsalar, diskalkuliya, za ka same shi yana fama da canjin kuɗi a kasuwa, da agogo mai hannu, da ƙiyasin wanne ya fi yawa, yana ƙirga ƙaramin lissafi da yatsu har yau.

Akwai takardun tambayoyi da ake samu kyauta. Ta disleksiyar manya da Smythe da Everatt suka fitar a 2001 tambaya 15 ce: maki ƙasa da 45 ba alama, 45 zuwa 60 alama mai sauƙi, sama da 60 alama mai ƙarfi. Ga matsalar rashin tattara hankali, ADHD, wadda takan zo tare da disleksiya, akwai ASRS da aka shirya tare da Hukumar Lafiya ta Duniya. Sashenta na farko tambaya 6 ne, in 4 suka faɗa inda aka yi wa alama sai a tura mutum gaba, amma ka tuna sharaɗin ADHD shi ne alamun sun bayyana kafin shekara 12 kuma a wuri fiye da ɗaya. Ga ciwon damuwa akwai PHQ-9, maki 10 zuwa sama na buƙatar likita. Tambayarta ta tara kan tunanin mutuwa ko cutar da kai ce, in ya amsa da e, a ranar za ka raka shi asibiti, ba gobe ba. Duk waɗannan ka karanta masa su da bakinka. Miƙa wa wanda kake zargin yana da matsalar karatu takarda ya cike shi kaɗai, ai ka ga an yi ba a yi ba.

Bayan ka gama, kada kalmar "kana da disleksiya" ta fito daga bakinka. Ka ce: "Na ga alamun da suka isa a duba da kyau."

Cikakken awo

Wannan aikin masanin halayyar ɗan'adam ne na asibiti ko na fannin ilimi, ko ƙwararre a ilimin masu buƙata ta musamman. ADHD da ciwon damuwa kuma na likitan ƙwaƙwalwa ne. Wuraren da za ka fara tambaya su ne sassan ilimin masu buƙata ta musamman na Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos da Jami'ar Ibadan, da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri. Ka yi waya tukuna ka tabbatar akwai mai yin awon manya da kayan aikinsa, kada ɗalibi ya ƙona kuɗin mota a banza. Ka kuma shirya shi, domin jin sunan asibitin ƙwaƙwalwa kaɗai yakan sa wasu su gudu. Ka haɗa shi da wasiƙa mai ɗauke da tarihin da ka tattara da kwafin takardunsa, da izininsa.

Awon yakan ɗauki awoyi. Za a auna basira da gwaji irin WAIS ko na Raven mai zane-zane, a auna karatu da rubutu da lissafi da irin WRAT ko WIAT, a auna sarrafa sauti da saurin aiki da riƙe abu a ka. A waɗannan gwaje-gwaje 100 ne tsakiya, kuma DSM-5 ya nuna maki 78 zuwa ƙasa a matsayin inda aka fi samun tabbaci. Ya kuma daina sharɗanta cewa sai an ga tazara tsakanin makin basira da na karatu, don haka in aka ce maka ba za a tabbatar ba don babu wannan tazara, tsohon ma'auni ne.

Ga inda gizo ke saƙa: 100 ɗin nan an samo ta ne daga mutanen Amurka ko Birtaniya masu Turanci tun daga nono. Yaron Gumel ko Yawuri zai iya samun maki ƙasa a sashen kalmomi don bai taɓa jin kalmar ba, ba don komai ba. Ƙwararren kirki ya san haka, zai faɗa a rahotonsa, zai jingina hukuncinsa da tarihi da fasalin sakamakon gaba ɗaya. Rahoton da ya zo da lambobi zalla, ba tarihi, ba maganar harshe, ba shawarar abin da za a yi a aji da ɗakin jarrabawa, ka mayar da shi a cike giɓin.

Bayan rahoto ya zo

Rahoton na ɗalibi ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Malaman kwas ba sa buƙatar ganin rahoton, abin da suke buƙata shi ne takarda daga shugaban sashe mai cewa an amince wa wane da kaza da kaza. Iyaye ma sai da yardarsa. In an zauna da su, za ka iya jin an ce sammu ne ko shafar aljanu ko toshewar ƙwaƙwalwa. Ni ba na jayayya da addu'a. Nakan ce a ci gaba da ita, ga kuma abin da likita ya gano, ga abin da makaranta za ta yi.

Sauƙin da aka fi bayarwa shi ne ƙarin lokaci. A Birtaniya abin da aka saba shi ne kashi 25 cikin 100, wato minti 30 a kan jarrabawar awa 2. Akwai ɗaki mara hayaniya, akwai mai karanta masa tambayoyi, akwai rubutu da kwamfutar da aka cire wa intanet. A aji, a ba shi takardun lacca kafin ranar, a bar shi ya naɗi murya, a nuna masa manhajar wayar da ke karanta rubutu a bayyane. A rage masa yawan kwas a zango gwargwadon abin da ƙa'ida ta yarda.

Duk wannan a bi ta hanyar hukuma: shugaban sashe, shugaban tsangaya, har majalisar jami'a in ana buƙata, a samu a rubuce kafin jadawalin jarrabawa ya fito. In ka tsaya a kan fahimtar juna da baki, ranar jarrabawa mai sa ido zai karɓe takardar a kan lokaci, kuma bai yi laifi ba. Madogararka ita ce dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, kuma ma'anar naƙasa a cikinta ba ta tsaya ga ta gaɓoɓi ba. JAMB ma tun 2017 take da tsari na musamman domin makafi, don haka ba baƙon abu kake kawowa ba.

Za a samu abokin aikin da zai ce alfarma ce. Amsata gare shi ita ce ba a sauya tambaya ba, ba a rage makin ci ba. Amma akwai inda yake da gaskiya, kuma a faɗa wa ɗalibi tun wuri: abin da shi ne zuciyar kwas ɗin ba a ɗaga ƙafa a kansa. Mai karatun jinya ko haɗa magunguna dole ya karanta sunan magani da adadinsa daidai, ko da zai ɗauki lokaci ya duba sau biyu. Mai karatun Turanci dole a duba masa ƙa'idar rubutu. Shawarar canjin kwas kuma a bar ta sai an gwada sauƙin tukuna.

Wanda awo ya nuna ba matsalar koyo ba ce, shi ma kada a sallame shi hannu rabbana. Mai raunin Turanci a haɗa shi da ajin ƙarin karatu ko ɗan aji uku da zai riƙa zama da shi, mai ciwon damuwa ya ci gaba da ganin likita, mai yunwa a kai sunansa ofishin harkokin ɗalibai. A ƙarshen zango mai zuwa ka sake kiran kowannensu, ka ɗauko sababbin takardunsa ka ajiye kusa da tsofaffin. Ka duba tambaya nawa ya gama wannan karon, ka duba ko giɓin da ke tsakanin kwasa-kwasansa ya ragu. In an ba shi ƙarin lokaci amma har yanzu ba ya gamawa, ka rubuta wa wanda ya yi awon a sake duba shawarar, wataƙila mai karanta masa tambaya ko kwamfuta yake buƙata.